Tiyo a Hancin Ɗan Farina

A Ɗankama na fara jin an kira ni 'yar Faransi. Wani ma'aikacin kan iyaka ne mai gajeren wando ya leƙo cikin kamiyon da ya ɗauko mu daga Gazawa, ya ce 'yan Faransi su sauko a duba kayansu. Ina ta waige-waigen neman Nasara a cikin motar, sai surukata Inna Hajo ta zungure ni ta ce da mu ake. Lokacin bai fi shekara guda da samun mulkin kai ba, amma a bakin mutane gefenmu Faransi ne, wancan gefen kuma Ingilishi. Mutumin ya kwance ƙunshinmu, ya ga garin gero da tsamiya da 'yar tukunya, sannan ya ɗaga zanen da Inna ta lulluɓe yaron da ke bayanta da shi. Bai ƙara tambayar komai ba, ya ce mu hau mu tafi.

Yaron nan Abdu ne, ɗan farina, yana da shekara biyu da 'yan watanni. Ƙyanda ce ta kama shi a farkon bazara. Ta kwashe yara da yawa a ƙauyenmu, shi ta bar shi da rai amma ta cinye masa baki. Harshe, dasashi, har can cikin maƙogwaro duk gyambo ne, ruwa ma idan ya taɓa masa leɓe sai ya sanƙare. Majo, babban malamin asibitin Gazawa, ya yi masa allura sau biyu, daga nan ya ce iyakar abin da ke hannunsa ke nan. Ubansa Isa yana cin rani a Kano, sai manyan gida suka ce a kai masa ɗansa, can akwai manyan asibitoci.

Wanda bai san mu ba zai ce me ya sa ɗana yake bayan wata, ni kuwa ina ɗauke da ƙunshi. Mu asalinmu Fulani ne. Shanu sun ƙare tun zamanin kakana, Fillanci ya bi su, abin da ya rage mana gado shi ne kunya, mun kuwa riƙe ta hannu bibbiyu. Gidan mijina Hausawa ne manoma, su ma ba baya ba ne a wannan fannin. Ɗan fari uwarsa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ranar da aka yaye Abdu, Inna ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, ya zama nata. Idan zan yi maganarsa sai in ce "yaron Inna". Har a bakin rijiya ana yaba mini a kan haka, ana cewa Dije 'yar mutunci ce, ni kuma, in faɗi gaskiya, yabon yana yi mini daɗi.

A tashar Katsina muka haɗu da mutumin farko da ya cuce mu. Mai tsabta ne, da jakar fata da tabarau, ya ce shi malamin asibiti ne ya fito hutu. Ya buɗe bakin Abdu da tsinke, ya girgiza kai, ya ce ba sai mun wahalar da kanmu zuwa Kano ba. Ya fito da wata kwalba mai jan ruwa, Inna ta ba shi saƙin zanenta na zuwa unguwa, wanda ta taho da shi don kada a raina mu a birni. Nan gindin wata bishiya ta yi wa Abdu ɗure da maganin.

Ɗure kowa ya san shi a wajenmu. A kwantar da yaro a cinya, a matse shi, a tara tafin hannu a bakinsa a zuba kunu ko magani, a toshe masa hanci, dole ya haɗiye in yana son numfashi. Da shi aka raine ni, da shi aka raini Isa. Tun da Abdu ya daina ci Inna take yi masa safe da yamma, yana ihu, jini na fitowa tare da kunun. Jan ruwan nan kuwa duka Abdu ya dawo da shi a jikinta. Da muka nemi mai tabarau muka rasa, sai wata mai ƙosai ta ce mana sai kuma kasuwa mai zuwa, abin da ke cikin kwalbar zoɓo ne da kanwa.

Kano ta fi ƙarfin idona. Ni da ban taɓa wuce kasuwar Cadawa ba, sai ga ni a inda keke ke neman taka mutum yana kuma zagin sa. Abin da muka riƙe shi ne sunan wani mai masauki a Fagge, inda 'yan ƙasarmu ke sauka. Yini biyu muna tambaya. Duk wanda Inna ta ce wa daga Gazawa muka taho sai ya ce ina ne nan, idan ta nemi a sayar mata da hura sai yara su maimaita suna dariya. Da muka sami mai masaukin, ya ce Isa ya wuce Jos haƙar kuza tun kafin azumi, ba wanda ya san ramin da yake. Inna ta zauna daɓas a ƙofar zauren nan. Ban taɓa ganin ta karaya ba sai ran nan, abin kuwa ya fi ganin bakin Abdu tsorata ni.

Wata mai tuwo-tuwo da ke gefen zauren, ana ce mata Uwani, ita ta ja mu cikin gidanta. Ba ta tambayi asalinmu ba. Ta zuba mana tuwo, ta dubi yaron ta ce wannan ba na jiƙe-jiƙe ba ne, ɗan ƙanwarta ya yi irinsa, wani asibitin 'yan mishan da ke kudu da Kano ne ya tashe shi. Inna ta ce ita ba za ta kai jikanta a mai da shi Kirista ba. Uwani ta ce ɗan ƙanwarta yana nan yana salla, a bari ya rayu tukuna a ga abin da zai zama. Washegari da kanta ta raka mu tasha, ta damƙa mu a hannun wani direban da ke cin tuwo wajenta, ta ce in ya sauke mu a hanya kada ya sake zuwa rumfarta. Ban sake ganin matar nan ba, amma har yau idan na idar da salla tana cikin waɗanda nake roƙa wa gafara.

Asibitin a bayan wani gari yake, ƙasar wurin ja, ga itatuwan mangwaro jere. Likitar Baturiya ce doguwa. Ta duba Abdu, ta yi magana da wata malamar asibiti, malamar ta fassara mana cewa yunwa ce za ta kashe shi kafin ciwon, don haka za a sa masa tiyo. Ban gane ba sai da na gani. Wata siririyar roba ce suka zura masa ta hanci har cikin ciki, mutum biyu na danne shi, suka manne ta da filasta a kumatu. Inna ta yi salati ta fice. Ni na tsaya a bakin ƙofa kamar wadda ta zo kallon ɗan maƙwabta. Ta nan ake tura masa madara da sirinji, sau shida a yini. Hannuwansa aka naɗe da tsumma don kada ya fizge.

Malamar nan sunanta Rifkatu, 'yar ƙasar Jos ce, gajera mai saurin tafiya, Hausarta a tsaye ba lanƙwasa. Ranar farko ta tsaya a tsakiyar ɗakin yara ta ɗaga murya ta ce, "Ina Maman Abdu?" Na so ƙasa ta tsage in shige. Na sunkuyar da kai, Inna ta amsa. Malama ta dube ta ta ce ita uwar da ta haife shi take nema. A ɗakin nan haka ake kiran kowace mace, da sunan ɗanta, har muka bar wurin ban saba ba.

Tiyon ya yi aikinsa, ba zan ci amanarsa ba. Cikin sati uku bakin ya warke, wuya ya tsaya, Abdu ya fara zama da kansa, har yana bin kaji da ido. Inna ta ce to madalla, a cire mu tafi gida. A nan ne muka gane ashe tafiyar ba ta ma fara ba. Da an nufo bakinsa da cokali sai ya datse haƙora, ya juya kai, jikinsa ya ɗauki rawa. Ko yawunsa ba ya son haɗiyewa, sai ya bar shi yana dalala. Tiyon kuwa ba abin zuwa da shi ƙauye ba ne, in ya fita ba mai mayarwa, madarar ma ba inda za mu samo ta. Muddin bai ci da bakinsa ba, ba mu ba gida.

Malama Rifkatu ta zaunar da mu a baranda ta tambaya ko an taɓa yi masa ɗure. Inna ta ce sosai ma, ba don shi ba ai da tuni an binne shi. Malama ba ta musa ba. Ta ce to yanzu abin da yaron ya sani shi ne duk abin da ya nufo bakinsa azaba ce, sai an mantar da shi. Kuma maƙogwaronsa ya manta haɗiya, in aka matsa masa abincin zai bi hanyar numfashi ya sauka a huhu. Ta ce ko da wasa kada a sake yi masa ɗure. Abin da za a yi shi ne a zauna da shi ido cikin ido, a ci abinci a gabansa ana nuna daɗi, a ajiye masa kunu a faranti ya dama da hannu, ya shafa a ka in ya so. Lokacin da ake tura madara ta tiyo a lakato kaɗan a goga masa a leɓe, don ya haɗa ɗanɗano da ƙoshi. Kada a ba shi, a bari ya ɗauka.

Inna ta ce ta ji, ta miƙa hannu za ta goge masa yawu. Abdu ya ƙanƙame ya kau da fuska. Malama ta ce a hankali, "Mama, kin gani. Hannunki yake tsoro, don shi ya yi masa ɗuren. Hannun uwarsa bai taɓa ba shi komai ba, shi ya sa ba ya gudun sa. Ita za ta yi wannan aikin."

Ban san wadda maganar ta fi soka tsakanina da Inna ba. Matar da ta goya shi tun daga Gazawa, ta ba da zanenta dominsa, yau an ce hannunta yake tsoro. Da Malama ta tafi, Inna ta ce, "Ita ɗiya nawa ta haihwa? Ko aure ba ta yi ba. Ni ɗiya bakwai na ɗura, biyar na nan da ransu. Yaushe aka taɓa roƙon yaro ya ci abinci?" Ba ta hana ni ba, ba ta kuma ce in yi ba, ni kuwa na san ba zan iya zama a gaban surukata ina lasar baki ina yi wa ɗan farina gwalo ba.

Sai na koma yi a ɓoye. Bayan azahar Inna takan kwanta a rumfar da 'yan jinya ke girki, barci ya ɗauke ta har kusan la'asar. Gadon da ke kusa da namu na wata Bayarabiya ce, ɗanta ya ƙone a ƙafa, muna ce mata Iya. Ba ta jin Hausa, ba na jin Yarabanci, amma ta gane halin da nake ciki kafin in gane nata. Sai ta zauna a bakin taga, in ta hango Inna ta motsa ta yi tari. Ni kuma in ɗauki Abdu in zagaya gindin mangwaro, in shimfiɗa zane, in ajiye farantin kunu a tsakaninmu.

Kwanakin farko kallona kawai yake yi, ni ma ina kallon sa. Sai a lokacin na san yana da ɗan tabo a gira, kuma kunnuwansa irin na babana ne. Shekara biyu da haihuwarsa ban taɓa ƙare wa fuskarsa kallo ba. Nakan lakaci kunu in kai bakina in ce "mmm" kamar wata taɓaɓɓiya, in shafa a hancina, in shafa a goshi. Ranar da ya fara dariya tiyon na rawa a kumatunsa, sai da na waiga don kada wani ya ji. Daga nan ya fara tsoma hannu. Ya dama, ya watsa, ya shafa mini a ido. Wata rana ya cusa mini yatsarsa a baki, na tsotse na yi godiya, ya ƙara. Ya yi kwanaki yana ciyar da ni, shi bai ɗanɗana ba. Malama ta ce haka ake so, kada in yi gaggawa.

Amma gaggawa tana nan ko ban yi ta ba. Garin geronmu ya ƙare, muka koma cin garin rogon da Iya ke ɗebo mana, wanda Inna ta ce ƙaiƙayi ya fi shi. Mun aika wa Isa saƙo ta hannun direbobi har sau uku, shiru. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Inna gwauruwa ce, gonarta ita ce abincin gidan, kullum da safe sai ta tsaya tana kallon sama tana cewa yanzu can an gama sassabe, yanzu an fitar da iri. Ni kuma kewar gida ta kama ni ta inda ban zata ba. Ba uwata na fi tunawa ba, ƙarar guga a rijiyarmu nake ji a kunne, da warin nono a ƙwaryar fura. Wani lokaci ina wanki sai in ga hawaye na sauka a kan sabulu.

Mangwaro ne ya buɗe masa baki. Iya ta ba ni wani nunanne, na yage da haƙori ina sha, ruwan na bin hannuna. Abdu ya kama yatsana ya daɗe yana dubawa, sannan ya kai bakinsa ya lasa. Ya yamutsa fuska, ya tsaya, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya sake lasa. Na ruga ɗaki da shi a kafaɗa na manta da kowa, na ce wa Malama, "Abdu ya haɗiye!" Ran nan na fara faɗin sunansa da bakina. Malama ta rungume ni, Iya ta tashi tana rawa a tsakanin gadaje.

Bayan kwana goma yana lasar kunu daga yatsana, wani lokaci har ya kurɓi kaɗan a bakin ludayi in shi ya riƙe. Likita ta ce a cire tiyon na kwana uku a gani, wataƙila yunwa ta taimaka. In bai sha abin kirki ba a mayar, ba wani abu ba ne. Ranar farko ya sha wajen rabin ludayi a yini. Rana ta biyu ya tashi da rigima, ya ture faranti, leɓensa ya bushe. Malama ta ce haka yara ke yi, gaba biyu baya ɗaya, gobe da safe za a mayar masa da tiyon na sati biyu a sake gwadawa.

A safiyar nan kuwa aka yi ruwan farko, mai yawa, ƙasa ta yi ta ƙamshi. Inna kuma ta ji maganar sati biyun nan. Bayan azahar ba ta kwanta ba. Ta dama kunun tsamiya mai ruwa-ruwa da ɗan garin da ta ɓoye, ta ɗauki Abdu ta zagaya bayan rumfar girki inda ba kowa, ta ce in biyo ta da ƙwaryar. Tun kafin ta zauna na san abin da za ta yi.

Na ce, "Inna, Malama ta ce..."

Ta ce, "Na ji mi ta ce. Tunda yana haɗiyewa, mi ya rage? Sai mu zuba ido su sake zura mishi igiya a hanci yana suma? In cikinshi ya cika yau, gobe ba su da abin cewa, mu tahi gida."

Na ce a ƙara masa haƙuri, zai ci da kansa. Muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

Inna ta ɗago ta dube ni. "Dije, yau ke za ki koya mini renon ɗa? A kan ɗan hwari? Kin zaci ban san abin da kike yi gindin mangwaro ba? Na gani na kau da kai don kada ki ji kunya. Ashe babu ta. Riƙe mishi ƙahwahu."

Ɗakin yara bai fi taku talatin daga wurin ba. Da na ɗaga murya sau ɗaya Malama za ta ji. Da na fizge shi na gudu, ba wanda zai kama ni, Inna tsohuwa ce. Na san abin da aka ce zai faru, ba a mafarki aka gaya mini ba, a gabana aka faɗa da Hausa. Amma an ce mini marar kunya, kuma a rayuwata ban taɓa jin zagin da ya kai wannan ba. Na durƙusa na riƙe ƙafafunsa.

Da ta kwantar da shi bai yi kuka nan da nan ba. Ni ya juyo yana kallo, har ya ɗan buɗe baki kamar yadda yake yi idan muna wasanmu. Inna ta tara hannu, ta zuba, ta toshe hancin. Ƙafafun nan suka yi ta harbi a hannuna, ƙarfin da madarar wata biyu ta tara masa duk a nan ya ƙare. Ya haɗiye, ya sarƙe, ya yi tari, ta jira ya ja numfashi ta ƙara. A karo na huɗu tarin ya ƙi tsayawa, leɓensa ya yi baƙi, ta kifa shi ta bubbuga bayansa har ya dawo. Ya yi lamo a jikinta. Inna ta karkata ƙwaryar ta nuna mini, an sha fiye da rabi, ta ce alhamdu lillahi.

Kafin magariba jikinsa ya yi zafi. Da safe ƙirjinsa na shiga yana fita, numfashinsa na ƙara kamar ana tsaga tsohon zane. Malama ta ɗora masa abin sauraro a baya, ta daɗe, sannan ta ja ni baranda ta ce, "Maman Abdu, an yi masa ɗure?" Na dubi ƙasa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce kunun ya sauka a huhu, za su yi iyakar ƙoƙarinsu. Na kama hannunta na roƙe ta kada ta gaya wa Inna. Ta ce to.

Suka mayar da tiyon, suka yi ta allura. Kwana uku ya yi. Ina zaune a gefen gadon, yanzu ba ruwana da wanda ke kallo, amma idan na kai hannu kusa da fuskarsa sai ya datse baki ya kau da kai, kamar yadda yake yi wa Inna. Wannan shi ne abin da ban warke daga gare shi ba. Rana ta huɗu da hantsi, ana share ɗaki, ya cika.

Wasu 'yan kasuwa Musulmi na garin ne suka zo da limaminsu. Suka naɗe shi a ɗan ƙyalle, mutum ɗaya ya ɗauke shi a hannu suka bi ta bayan itatuwan mangwaro. Mata ba sa zuwa maƙabarta, saboda haka ban san inda yake kwance ba, sunan garin kawai na sani. Iya ta ƙulla mana gari a tsumma tana kuka. Malama ta raka mu har bakin titi, ta ce Allah Ya kai ku lafiya.

Hanyar dawowa ban riƙe komai nata ba, sai cewa a kowace tasha Inna takan kai hannu baya ta gyara goyon da babu. Ita a wurinta mayar da tiyon ne ya kashe shi, ta kuma faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da mu a mota. Ban gyara mata ba. Ta yi shekara goma sha ɗaya bayan haka, ni na yi jinyarta har ta rasu, ban taɓa gaya mata ba. Isa ma da ya dawo bayan kaka ban gaya masa ba. Ba don na yafe ba ne. Don in na ce hannunta ne, dole in faɗi wadda ta riƙe ƙafafun.

Mun iso gida an riga an yi shuka, maƙwabta sun taimaka da gonar Inna. Mata suka cika tsakar gida gaisuwa. Inna ake yi wa, don ɗan fari na kaka ne, ni kuma ina ta kai ruwa da tabarma idona a bushe. Ina ji ana cewa dubi Dije, ko ɗigon hawaye, wannan yarinya an haife ta da kunya. Wata tsohuwa ta tambayi Inna ko har ya rasu bai ci komai ba. Inna ta share ido ta ce, "A'a, Allah Ya rufa asiri. Da hannuna na cika mishi ciki da kunu, ba da yunwa ya tahi ba. Dije na wurin, ita ta taya ni." Matan suka ce madalla, aka juyo ana kallona.

Na ajiye ƙwaryar ruwan na ce, "Haka ne, Inna."